Bakin Mai Busa: Wa Ya Yi Wa Nemesio Allura?

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na marasa kunya. Masu cewa na daɗe ban saki shafi ba, sauri kan haifi nawa. Ke kuma da kika rubuto cewa Teodosia ce ta yi wa ƙanenta asiri, ki kama bakinki tukuna. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Nemesio Huaroc, mai busa sakso, wato algaitar ƙarfe ta Turawa, a ƙungiyar makaɗan garinmu, shekara talatin da ɗaya yana ci da bakinsa. Wata biyar ke nan dasashinsa na ƙasa, ɓangaren hagu, ya kumbura. Mai cire haƙori ya cire masa turame uku, ramin ya ƙi rufewa, leɓen ya mutu kamar ba nasa ba. A babban asibitin Huancayo aka yanki tsoka aka aika Lima, babban birnin ƙasarmu, amsa ta dawo ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Dakta Ticse ta ce a dawo bayan sati uku a sake yanka.

Yau ce ranar.

Su uku suka zo: Nemesio, da matarsa Primitiva, da yayarsa Teodosia wadda ba a gayyace ta ba, kuma ba ta taɓa jiran gayyata ba tun da aka haife ta.

Primitiva ta goyo mayafinta a baya, da cuku biyu da soyayyar masara a ciki, tukuicin likita. Tun a mota bakinta ya ƙi rufuwa. Kumburin da ya kai ƙwan kaza ya sace, ya lafe, fuskar mijinta ta dawo daidai.

A kan bencin jira ta zunguri wata mata da ba ta sani ba.

"Mama, ki ga ikon Allah. Buɗe bakin, Tsoho, ta gani."

"Ki bar ni, Primi. Jaki ne ni a kasuwar Chupaca da za ki riƙa nuna haƙorana?"

"Jaki ai ya fi ka haƙora yanzu."

Teodosia ta taɓe baki.

"Ganyen da na daka masa ne ya yi aiki, amma ba za a faɗa ba."

"Yaya, ganyenki wata huɗu yana bakinsa, abin da ya ƙara masa wari ne kawai."

Nemesio bai yi dariya ba. Hularsa yake juyawa a hannu, yana kallon siminti.

Aka kira sunansa.

Dakta Ticse gajeriyar mace ce mai tabarau, 'yar kwarinmu ce, ba ta iya zagaye-zagayen magana ba. Ta sa safar hannu, ta jawo fitila.

"Buɗe, Don Nemesio."

Ya buɗe.

Ta duba. Ta danna da yatsa. Ta matso da fitilar ta sake dubawa. Ta daɗe.

Primitiva tana tsaye tana jiran a ce mata barka.

Likita ta kashe fitila, ta cire safar, ta jefa a kwando. Ta zauna.

"Yaushe aka yi maka?"

"Aka yi mini me, Dakta?"

"Allurar."

Primitiva ta yi dariya, ta matso.

"Dakta, ba allura ba ce, kyandir ne. Juma'a uku ina zuwa gicciyen dutse na garin Chongos, a kan gwiwoyina. Ubangiji ya ji kukana. Ga shi ma na kawo miki ɗan cuku..."

"Doña Primitiva, ajiye cukun. Ban raina kyandirinki ba, uwata ma tana kunnawa. Amma abin da na gani a bakin nan aikin allura ne."

"Ai ya warke! Ba ki gani ba?"

"Bai warke ba. Ɓuya ya yi."

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku zauna ku saurare ni, don ba zan iya faɗa sau biyu ba. Abin da nake zargi sunansa limfoma. Ciwon daji ne."

Teodosia ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Akwai wasu ƙwayoyi a cikin jini da aikinsu tsaron jiki. Su ne suke haukacewa, su hayayyafa, su tare a wuri guda. Yawanci a wuya ko hammata. Nasa a dasashi suka tare, shi ya sa aka ɗauka ciwon haƙori ne. To akwai wata allurar kumburi da kowane kemis a kwarin nan yake sayarwa kamar alewa. In ta shiga jiki, ciwon sai ya narke kamar ƙanƙarar safe a kan ciyawa. Gobe kuma ta sake sauka. In na yanka yau, matacciyar tsoka zan aika Lima. Za su sa a madubin gwaji su ga ba komai, kamar wancan karon."

"To ki ba shi maganin kawai mana!" in ji Primitiva. "Tunda kin san sunan abin, me ake jira?"

"Dankali iri nawa kike shukawa?"

"Dakta, ana maganar rai..."

"Iri nawa?"

"Tara. Ko goma."

"Limfoma ta fi haka iri, kowace da maganinta. Kuma maganin ba shayi ba ne, abu ne mai ƙarfi da ake ɗura wa mutum ta jijiya. Ba zan zuba shi a jikin mijinki bisa zato ba. Sai Lima ta gani da ido ta ce wannan ce. Wata biyu muka rasa a yankan farko. Yanzu ga wani jiran. Ciwon nan kuwa ba ya jiran kowa."

Ta juya ga Nemesio.

"Wa ya yi maka?"

"Ba wanda ya yi mini."

"Don Nemesio."

"Na ce babu."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai haƙa shi ba ya ganin haka sai ƙeyarsa ta bugi bango.

Primitiva ta juya a hankali ta kalli yayar mijinta.

"Ke ce."

"Ni?"

"Ke ce, Yaya! Ran Lahadi wa ya ja shi gidansa ya rufe ƙofa? Kika ce turare za ki yi masa. Turaren me?"

"Ke, Primitiva, ki kiyaye ni. Ni da nake sumewa in na ga allura? Ganye na sani, da laka, da addu'a. Na goya yaron nan tun ba ki san hanyar rijiya ba."

"Kin goya shi, yanzu kuma za ki kai shi kabari!"

"Ubangiji ya tsine wa mai wannan nufi! Neme, kana zaune tana zagina? Buɗe baki ka yi magana!"



"To in ba ke ba ce, mai ƙungiyarsu ne," in ji Primitiva, tana haki. "Wannan mai tumbin da ba ya ganin mutum, saksonsa kawai yake gani. Na rantse da gicciye, in na fita daga nan sai na same shi ko a gaban limamin coci yake. Sai na yaga masa riga. Duk wanda ya soki mijina, hannunsa sai ya shanye!"

"Ya isa," in ji likita. "Asibiti ne nan. Doña Primitiva, zauna. Ke kike ba shi abinci?"

"Wa zai ba shi in ba ni ba?"

"To lissafa mini duk abin da ya shiga jikinsa a sati ukun nan. Har ruwan zafi."

Primitiva ta share fuska da gefen mayafi. Nan kam ta san ba ta da abin kunya.

"Romon kan rago, kullum da safe. Kunun hatsin kinuwa da madarar saniyarmu. Ƙwai biyu ɗanye. Ganyen koka da ya saba taunawa na hana shi, saboda ramin. Giya ko ɗigo. Ƙwayar ciwon kai ma na ɓoye. Sai bitamin ɗinsa."

"Wane bitamin?"

"Ja ɗin nan, na ƙarfi."

"Sha yake yi?"

"A'a, a ɗuwawu. Ni nake yi masa da kaina. Shekara ashirin ina yi wa shanunmu, hannuna ba ya zafi, ki tambayi kowa a unguwa."

Likita ta cire tabarau.

"Kina da kwalin?"

"Ga shi ma, ɗazu na sayo sabo wajen Don Hilarión mai kemis."

Ta kwance mayafi, ta tura cukun gefe, ta fito da kwali. Likita ta buɗe. 'Yan kwalabe ne bibbiyu a jere, babba ja, da ƙarama fara kamar ruwa.

"Wannan ƙaramar fa?"

"Ruwan haɗi ne. A zuƙa tare a sirinji ɗaya. Haka kowa yake yi. Haka aka yi wa babana da bayansa ya riƙe."

Likita ta ɗaga ƙaramar a gaban taga, ta karanta rubutun. Ta ajiye ta a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ja ɗin bitamin ce, gaskiyarki. Farar ita ce allurar da nake magana."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Primitiva ta kalli kwalbar. Ta kalli hannunta na dama. Ta sake kallon kwalbar.

"A'a."

"Mama..."

"A'a, Dakta, ki sake karantawa. Bitamin ne. Bitamin na ce ya ba ni."

"Sau nawa kika yi masa?"

Primitiva ta yi baya. Sai Teodosia ce ta jawo kujera ta tura mata a bayan gwiwa.

"Kafin bikin auren da aka yi a garin Ahuac, uku. Kafin idin gicciye na watan Mayu, uku." Primitiva tana ƙirgawa da yatsu. "Kafin ki yanka wancan karon ma na yi masa. Na ce kada ya shiga hannun likita ba ƙarfi."

"Na ƙarshe fa?"

"Jiya."

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni Primitiva! Ni ce. Ni na ce hannun ya shanye, ashe nawa ne. Yaya, ki yafe mini. Tsoho, ni na kashe ka, ina kunna kyandir da hagu ina soka maka da dama..."

"Ba ki sani ba," in ji likita. "Rashin sani ya fi dare duhu. Na baya duk ba laifin kowa ba ne. Abin da ban gane ba shi ne na wannan satin. Ai na gaya masa."

Primitiva ta ɗago.

"Kin gaya masa me?"

"A kujerar nan, sati uku da suka wuce. Na ce ina zargin wani abu ne ya ɓata yankan farko. Na rubuta masa sunan maganin a takarda da manyan baƙaƙe. Na ce duk kwalin da ya ga wannan suna a jiki, ya guje shi kamar wuta."

"Ina ina?"

"Kin fita karɓo masa kati."

Primitiva ta juya. A hankali ta juya, kamar wuyanta ya yi tsatsa.

"Tsoho."

Ya ƙura wa hularsa ido.

"Nemesio Huaroc, da kai nake. Da muka fita ranar, a bakin ƙofar asibitin nan, na ce me likita ta ce. Ka ce mini me?"

"Primi, mu je gida mu yi maganar."

"Ka ce mini me?"

"Na ce... ta ce in samu ƙarfi."

"Ka ce ta ce ka samu ƙarfi. Ran Litinin wa ya ce, Primi, jikina ba daɗi, ko za ki yi mini ja ɗin nan? Wa ya kwance wando da kansa ya kwanta a kan gado?"

Nemesio ya zura yatsa cikin zaren hularsa, ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Ya ajiye a kan tebur kusa da kwalbar.

Ni ban yi zurfi a boko ba, Primitiva ma haka. Amma ba sai ka iya karatu za ka gane baƙaƙe iri ɗaya a wuri biyu ba.

"Ka sani," ta ce.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Ahuac na lura. In kin yi mini, kwana biyu sai bakin ya sauka, in iya kama sakso. Ban san dalili ba sai ranar da Dakta ta ba ni takardar. Na je gida na ɗauko tsohon kwali na gwada."

"Ka gwada. Ka gani. Sannan ka ce in yi maka."

"E."

Teodosia ta kai masa duka a kafaɗa da tafin hannu, irin na yaya da ƙane.

"Kai ɗan banza! Shekara arba'in da takwas, hankalin ɗan tsako!"

Primitiva ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihun ban tsoro.

"Da ka je wajen Don Hilarión ya soka maka. Da ka je wajen mai tumbi. Akwai masu allura goma tsakanin gidanmu da gada. Me ya sa sai ni?"

"Hannunki ba ya zafi."

"Kada ka yi mini wasa!"

"In na je wani wuri za ki ji labari, ki hana."

"Sai ka ari hannuna. In ka mutu, in zauna ina kallon hannun nan, ina cin abinci da shi, ina shafa kan jikokinka da shi. Ka yi tunanin wannan? Gwiwoyina sun sale a Chongos. Jiya na tsaya a tsakar gida ina gaya wa maƙwabta Ubangiji ya amsa. Kana jina. Kana zaune kana goge saksonka kana jina!"

Sai a nan ya fashe. Namiji mai jikoki biyu, yana kuka da rabin leɓe, ɗaya rabin ba ya motsi.

"Kin manta Fortunato?"

Duk kwarin nan ba mai manta Fortunato, mai busa sarewar kilarinet, abokin tafiyarsa na shekara ashirin.

"Ni na raka shi Lima. Ya shiga da fuska, ya fito ba muƙamuƙi. Da roba ake zuba masa romo. 'Yarsa ta gan shi ta ruga bayan ƙofa. Na kai masa kilarinet ɗinsa, ya riƙe yana kallo, yawu yana zuba a kai. Wata takwas ya yi a haka, kuma ya mutu duk da haka." Ya share hanci da bayan hannu. "Na san in suka sami sunan abin, yanka ne. Na ce to, bari in busa a bikin shanu na Santiago na bana. Jibi ne. In ga an ɗaura wa shanu kintinkiri a kunne, in busa musu sau ɗaya da bakina cikakke. Bayan nan su zo da wuƙarsu su ɗebi abin da suke so."

Likita ta dube shi.

"Wa ya ce maka zan yanke maka muƙamuƙi?"

"Ai ciwon dajin baki ne."

"Ban san abokinka ba. Amma wanda ake yanke wa muƙamuƙi, yawanci na fatar baki ne. Wannan dabam. In limfoma ce, ba a bin ta da wuƙa. Abin da nake yanka ɗan ƙanƙane ne, na gwaji, bai kai ƙwayar wake ba. Maganin ƙarin ruwa ne. Ka zo ka zauna a kujera, a ɗaura maka, ka koma gida. Bayan sati uku ka dawo. Kamar sau shida. Wani a ƙara masa da gashin haske a wurin. Gashin kanka zai zube, za ka yi amai, za ka zage ni a zuciyarka. Amma haɓarka tana nan inda Allah ya sa ta. Kuma da yawa daga waɗanda aka kama da wuri suna warkewa sarai."

Nemesio ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Ba... ba yanka?"

"Babu."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ce kana da tambaya? Ka ce babu, ka sa hularka ka fita." Ta murza goshinta. "Ni ma da nawa laifin. Na ga idonka ranar, ya kamata in zaunar da kai. Ya kamata in jira matarka ta dawo. Mutum arba'in ne a layi, na bar ka ka tafi."

Gudun gara, an faɗa gidan zago. Ku da kuke karantawa, ku ji da kyau: abin da kake tsoro ka tambaya. Tambaya ba ta taɓa cire wa kowa haɓa ba.

Primitiva ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban teburin, ta kama gefen farar rigar likita.

"Dakta, 'yata, ki dubi Allah. Ki ce mini ba mu makara ba. Akwai allurar da ke wanke waccan? Ki ɗebi jinina ki sa masa. Shanun nan huɗu, ki ɗauka duka."

"Tashi, Mama. Ba abin da ke wanke ta sai kwanaki."

"Nawa?"

"Sati biyu, ko fiye. Sai abin ya dawo yadda zan samu na yanka. Kuma zai dawo da fushi. Zai kumbura, zai yi ciwo, wataƙila ya kasa tauna. Za ki gan shi a haka, kwalin yana nan a kemis, ki san kwana biyu ya isa ya samu sauƙi, kuma ki ƙi. Za ki iya?"

"Ko ya yi birgima a ƙasa."

"Kai fa? Santiago babu kai bana."

Nemesio ya sunkuyar da kai.

"In na yi duk wannan... zan sake busawa?"

"Ban sani ba."

"Dakta..."

"Ba zan yi maka ƙarya ba, an yi isasshiya a ɗakin nan. Ya danganta da inda abin ya kai. In yana dasashi kaɗai, magana ɗaya ce. In ya fita, wata maganar ce. Wata biyar ba kwana biyar ba ne." Ta miƙe ta sa sabuwar safa. "Kana gumi in ka kwanta?"

"A'a."

"Yana yi," in ji Primitiva da sauri. "A sanyin nan. Na ɗauka bargon ne ya yi yawa."

"Ya rame?"

"Huda biyu na ƙara wa bel ɗinsa. Na ce rashin tauna ne."

Likita ta zagaya bayansa, ta bi wuyansa da yatsu, daga bayan kunne har ƙashin kafaɗa. Ta tsaya. Ta ci gaba.

"Cire rigar."

"Akwai sanyi, Dakta."

"Cire."

"Ai kin duba wancan karon."

"Wancan karon ka ce kana sauri, motar Chupaca za ta tashi, wuya kawai ka bari na taɓa. Cire."

Ya riƙe gaban rigar sanyinsa da hannu biyu, kamar yaron da za a yi wa wanka.

Primitiva ta miƙe daga ƙasa.

"Yaushe rabon da in ga jikinka?" ta ce, kamar da kanta take magana. "Tun Mayu da riga kake kwana. Ka ce sanyi. Ka fara wanke singiletinka da kanka, na ce tsufa ya koya maka tausayi."

"Primi, don Allah."

"Yaya, riƙe mini shi."

Matan da ɗazu suke neman cinye juna, su suka taru a kansa. Teodosia ta kama hannuwa, Primitiva ta ja riga ta kai. Rigar sanyi, da ta ciki, da singileti. Haƙarƙarinsa duk a waje, ana iya ƙirgawa.

"Ɗaga hannun hagu," in ji likita.

Ya ƙi.

Primitiva ta ɗaga masa.

Teodosia ta saki salati irin namu, ta kira Uwa Maryamu, ta juya fuska bango.

A cikin hammatar, kaluluwa ce zaune, ta kai matsakaicin dankali, fatar kanta ta miƙe tana sheƙi.

Likita ta taɓa. Ta danna ta ko'ina. Abin bai motsa ba, Nemesio kuma bai ce wash ba.

"Tana ciwo?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Ta fi haka girma kafin Litinin."

Likita ta ja numfashi.

"Wannan ta yi girman da allurar ba ta gama cinye ta ba. Akwai abin yanka a nan. Ba sai mun jira sati biyu ba. Me ka ci yau?"

"Ba komai. Kin ce a zo ba a ci ba."

"To yau za a cire ta. Gobe ta kama hanyar Lima."

Ta ɗauki wayar tebur ta fara danna lamba.

Primitiva ta riƙe mata hannu.

"Dakta, tsaya. Ni ban gane ba. Kin ce in ya fita daga dasashi wata maganar ce. Yanzu kuma kin ce an samu abin yanka. Murna zan yi ko kuka?"

Wayar tana kunnen likita, tana ƙara, ba a ɗauka ba tukuna.

Nemesio yana zaune tsirara daga wuya zuwa ƙugu. Ya kamo hannun matarsa, na daman, ya riƙe gam.

"Dakta, ajiye wayar."

Ta dube shi.

"Kaluluwar nan... ba ita kaɗai ba ce."